Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Sharhi Kan Shafin Dollar Street

Gardama ce ta kai ni ga shafin Dollar Street. Ina jagorantar wata tattaunawa tsakanin ɗalibai, waɗanda mafi yawansu ba su haura shekara 22 ba, a kan dunƙulewar duniya da abin da ta yi wa al'adu da arzikin jama'a, kuma duk ranar da aka taɓo batun sai zauren ya rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya yana ganin intanet da cinikayya tsakanin ƙasashe sun buɗe wa matashi ƙofofin da iyayensa ko a mafarki ba su gani ba, ɗaya ɓangaren kuma yana ganin tsohon mulkin mallaka ne ya sake riga, ya ajiye bindiga ya ɗauki wayar salula. Da na ƙara kasa kunne sai na gane cewa duk zafin musun da suke yi, hoto guda ne a cikin kawunansu, wato duniya kashi biyu ce, akwai ƙasashen da kowa ke cikin daula, akwai kuma ƙasashen da kowa ke cikin wahala, kuma babu kowa a tsakani. Na so in sami abin da zan nuna musu maimakon in yi ta bayani, domin gani ya kori ji, kuma a cikin wannan neman ne na shafe makonni ina amfani da shafin da nake son yin sharhi a kansa.

Dollar Street aiki ne na gidauniyar Gapminder, wadda aka kafa a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a shekarar 2005. Mutum uku ne suka kafa ta: Hans Rosling, likitan da ya yi aiki a arewacin Mozambik kafin ya zama farfesa a Karolinska, jami'ar koyar da likitanci ta Suwidin, da ɗansa Ola Rosling, da surukarsa Anna Rosling Rönnlund. Hans ya yi suna da zane-zanen ƙididdiga masu motsi, waɗanda ke nuna yadda tsawon rai da kuɗin shiga suka sauya a ƙasashe cikin shekaru masu yawa, har kamfanin Google ya sayi manhajar da ake yin zanen da ita a 2007. Ita kuwa Anna, wadda ta karanci ilimin zamantakewa da ɗaukar hoto, ta lura cewa alƙaluma ba sa zama a zuciyar yawancin mutane, don haka ta fito da dabarar aika masu ɗaukar hoto gida-gida. An buɗe shafin a 2016, kuma lokacin da ta gabatar da shi a dandalin jawabai na TED a 2017, shekarar da Hans ya rasu, an riga an ziyarci gidaje 264 a ƙasashe 50, an tara hotuna wajen 30,000. An ci gaba da ƙara wasu gidajen bayan nan.

Tsarin shafin mai sauƙi ne ƙwarai. An ɗauka cewa dukan mutanen duniya a titi ɗaya suke zaune, mafi talauci a ƙarshen hagu, mafi wadata a ƙarshen dama, kuma lambar gidan kowa ita ce kuɗin shigarsa na wata da dalar Amurka. A can hagu za ka tarar da iyalin da bai kai dala 30 a wata ba, a can dama kuma akwai wanda ya haura dala 10,000. Lambar ƙiyasi ce ta abin da ya faɗo wa kowane baligi a gidan, an haɗa da ƙimar abin da iyalin suka noma suka ci da kansu, an kuma daidaita ta da ƙarfin sayayyar kuɗi a kowace ƙasa, domin dala ɗaya a Oslo ba ta sayen abin da take saye a Kathmandu. A saman shafin akwai zanen titin da ƙananan gidaje a jere, wanda za ka iya jan iyakarsa ka taƙaita kallonka ga wani yanki. Sannan sai ka zaɓi abin da kake son gani daga cikin abubuwa fiye da ɗari da aka ɗauka a kowane gida: gado, murhu, masai, ƙofar shiga, takalma, kayan wasan yara, wurin wanke hannu, fitila, har da haƙoran masu gidan da tafin hannayensu. Kana iya tace sakamakon da nahiya ko da ƙasa, kana kuma iya danna kowane hoto ka shiga gidan gaba ɗaya, ka karanta taƙaitaccen labarin iyalin.

Na fara gwajin da buroshin goge haƙora, domin abu ne da ba wanda zai yi tsammanin akwai darasi a cikinsa. Na haska shafin a bango, na bar iyakar titin a ƙarshen hagu. A nan akwai gidajen da yatsa ake sawa, akwai masu amfani da ɗan itace, sai kuma aka matsa kaɗan aka fara ganin buroshin roba guda ɗaya tak wanda gashinsa ya baje kamar tsohuwar tsintsiya, an soke shi a jikin bango ko a rufin ɗaki, kuma dukan gidan shi suke amfani da shi. Da muka ƙara matsawa dama sai buroshin ya yi yawa, kowa da nasa a cikin kofi guda, launi daban-daban don kada a rikita, daga baya kofin ya hau kan kwamin wanke hannu mai famfo, a ƙarshe kuma aka kai ga mai aiki da lantarki yana zaune a kan abin cajinsa. Ban ce musu komai ba. Na rufe sunayen ƙasashen na ce su faɗa mini daga ina kowane hoto ya fito, sai aka yi ta harbi a iska, wannan ya ce Indiya, wancan ya ce Habasha, alhali hoton daga Latin Amurka yake. Wata ɗaliba da ta fi kowa tsayawa kan cewa al'ada ce ke bambanta mutane ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malam, ashe dai aljihu ne."

Ba ta faɗi gaskiya duka ba, kuma zan dawo kan wannan, amma ta kama abin da shafin ya fi ƙwarewa a kai. Idan ka jera murhun gidaje daga Sin da Filifin da Kolombiya da Kenya waɗanda kuɗin shigarsu ya zo ɗaya, za ka ga sun fi kama da juna nesa ba kusa ba, fiye da yadda murhun talakan Sin ya yi kama da na attajirin Sin. A hagu duwatsu uku ne da itace da bango da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin, ko a wace nahiya kake, kuma wannan hayaƙin ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida tana kashe mutum wajen miliyan 3 a kowace shekara, kuma fiye da mutum biliyan 2 har yanzu da irin wannan makamashin suke girki. A tsakiya tukunyar gas ce da ƙaramin risho a kan tebur. A dama kuwa ɗakin girki ne mai kabad-kabad, wanda ba za ka iya cewa a Seoul yake ko a Sao Paulo ba. Haka abin yake ga gado, daga tabarma a ƙasa zuwa katifa zuwa gadon katako mai zanin rufa da matasan kai. Abubuwa da dama da matashi ke gani a talabijin ya ce ai haka mutanen wuri kaza suke rayuwa bisa al'adarsu, ashe rashin kuɗi ne kawai, kuma ranar da hali ya samu su ma za su yar da su ba tare da sun waiwaya ba.

Abu na biyu da shafin ya yi mana shi ne cike ramin da ke tsakanin "masu shi" da "marasa shi". Gapminder ta raba mutanen duniya mataki huɗu bisa abin da mutum ke samu a rana: ƙasa da dala 2, daga 2 zuwa 8, daga 8 zuwa 32, sai kuma sama da 32. A ƙiyasinsu na wajajen 2017, kusan biliyan ɗaya ne a matakin farko, biliyan uku a na biyu, biliyan biyu a na uku, biliyan ɗaya a na huɗu. Ma'ana, mutum biyar cikin bakwai a tsakiyar titin suke, suna da takalmi da keke ko babur, yaransu na zuwa makaranta, akwai wutar lantarki ko da ba kullum ba, amma ciwo ɗaya mai tsanani yana iya mayar da su baya. Waɗannan su ne mutanen da labarai ba sa nunawa, domin ba su kai talaucin da zai sa a yi kuka ba, ba su kuma kai arzikin da zai sa a yi sha'awa ba. Idan ka buɗe titin gaba ɗaya za ka ga cunkoson gidajen a tsakiya yake, kuma ɗalibai da yawa a nan suka tsinci gidan da ya yi kama da wanda suka tashi a ciki, a ƙasar da ba su taɓa tunanin suna da wata alaƙa da ita ba.

Dole in yaba wa yadda aka ɗauki hotunan. Wanda ya saba da hotunan ƙungiyoyin agaji ya san salon, yaro da ƙuda a ido, uwa ta zuba tagumi, an zaɓi kusurwar da za ta fi taɓa zuciyar mai ba da sadaka. A nan babu wannan. Da idon da aka kalli masan mai ƙaramin ƙarfi, da shi aka kalli na mai hali, kuma ba a share gidan attajiri kafin a ɗauka ba, don haka za ka ga kwanukan da ba a wanke ba da tarin tufafi a kan kujera a gidan da ke can dama, kamar yadda za ka ga tsakar gida an share ta fes a gidan da ke can hagu. Sassan da suka fi riƙe ni su ne waɗanda aka tambayi iyalin abin da suka fi ƙauna a cikin kayansu, da abin da suke shirin saye nan gaba, da abin da suke buri. A hagu amsar takan zama katifa, ko keke, ko ɗan fili, ko kwanon rufi. Ka matsa kaɗan ta koma firji ko babur, daga nan mota, daga nan gida mafi girma ko tafiya hutu. Kowa abin da ke gabansa da taki ɗaya yake hange, kuma na jima ina kallon hoton wani magidanci da aka ce ya nuna abin da ya fi ƙauna, ya ɗago takardun makarantar 'ya'yansa.

Game da dunƙulewar duniya kuwa, shafin bai yi wani jawabi a kanta ba, amma tana leƙowa daga kusan kowane hoto. Farar kujerar roba tana nan a nahiya huɗu, haka bokitin roba da jarka da silifas. Rigar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Turai tana jikin yaron da ƙila bai taɓa ganin wasan ƙungiyar ba, ta iso masa bayan ta ratsa hannun masu ita biyu ko uku. Wayar salula kuma ita ce abin da ya fi kowane gangarowa hagu, har gidajen da babu famfo babu masai. Masu cewa duniya tana zama abu guda sun sami hujjarsu a nan, masu cewa kaya kawai ke tafiya amma arziki yana nan inda yake su ma sun sami tasu, kuma wannan ya sa na ɗauki shafin a matsayin shaida mai adalci, tun da kowane ɓangare ya fita da abin da zai riƙe da kuma abin da zai hana shi barci.

Sai dai a daidai nan ne iyakarsa ta fara bayyana, kuma iyakar farko ita ce maganar ɗalibar nan ta aljihu. Kyamara abin da ke da jiki take ɗauka. Tana ganin tukunya, amma ba ta ganin wanda ake fara zuba wa ko wanda ke jira sai kowa ya ƙoshi. Tana ganin gado, ba ta ganin harshen da uwa ke yi wa ɗanta waƙar barci da shi, ba ta ganin nauyin dangi da ke wuyan mai albashi ɗaya, ba ta ganin abin da mutum ya yarda da shi game da mutuwa da aure da girmama na gaba. Matashin da ke kukan ɓacewar al'ada ba buroshi yake yi wa kuka ba. Yana maganar harsuna ne, waɗanda suke wajen 7,000 a duniya kuma masana ke cewa kusan kashi 40 cikin ɗari nasu na fuskantar barazanar ɓacewa, yana maganar yadda ƙanensa ya san mawaƙan Koriya ta Kudu da 'yan wasan Amurka fiye da yadda ya san tatsuniyoyin kakarsa. Damuwar ba ta yara ba ce kawai, tun da har hukumar UNESCO ta amince da yarjejeniya a 2005 don kare bambancin al'adu daga ambaliyar kasuwa. Wanda ya yi awa biyu a Dollar Street zai iya fita da zaton cewa al'ada ado ce kawai a kan kuɗin shiga, kuma idan ya yi haka, ya bar kuskure ɗaya ya faɗa wani.

Iyaka ta biyu ta fi nauyi, kuma wani ɗalibi ne ya ɗora yatsa a kanta. Bayan ya gama kallo sai ya ce, "Malam, an nuna mana gidajen, to wa ya raba filayen?" Ban sami amsa a shafin ba, domin babu ita. Titin yana nuna inda kowa yake, bai faɗi yadda aka yi ya je wurin ba, bai kuma nuna cewa akwai shingaye tsakanin gida da gida ba. Masanin tattalin arziki Branko Milanovic, wanda ya daɗe yana aiki a Bankin Duniya, ya nuna cewa fiye da rabin bambancin kuɗin shiga tsakanin mutanen duniya ƙasar da mutum yake zaune ce ke bayyana shi, abin da kusan kowa bai zaɓa wa kansa ba. Titi na gaskiya kana iya tashi daga wannan gida ka koma wancan idan ka sami hali, amma a wannan titin akwai fasfo da biza da teku a tsakani, kuma dubban matasa sun halaka a Bahar Rum suna ƙoƙarin tsallakawa daga wannan yanki zuwa wancan. Haka kuma shafin bai nuna zaren da ya ɗaure gidajen da juna ba. Rigar da ke rataye a kabad ɗin gidan dama ƙila a masana'anta irin ta Rana Plaza aka ɗinka ta, ginin da ya rufta a Bangladesh a 2013 ya kashe mutum fiye da 1,100. Batirin wayar da ke kan teburin yana ɗauke da ma'adinin kobalt, wanda kusan kashi 70 cikin ɗari nasa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi. Gidajen maƙwabta ne ta fuskar ciniki tun kafin Gapminder ta jera su, kuma wannan maƙwabtakar ce matasa ke fushi a kanta tun daga zanga-zangar adawa da taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a birnin Seattle na Amurka a 1999 zuwa ta Wall Street, cibiyar hada-hadar kuɗi ta New York, a 2011.

Akwai kuma matsalar ƙarshen dama. Titin ya tsaya a kan iyalai masu wadata irin ta likita ko ɗan kasuwa mai rufin asiri, amma masu biliyoyin dala ba sa buɗe wa mai hoto ƙofa ya ɗauki masansu, don haka ba sa ciki. Wannan ya sa titin ya fi duniyar gaske kyan gani. Rahoton rashin daidaito na duniya na 2022, wanda cibiyar da masanin tattalin arziki Thomas Piketty ke cikin jagororinta ta fitar a birnin Faris, ya nuna cewa kashi 10 cikin ɗari na sama suna kwashe kashi 52 na kuɗin shigar duniya, rabin mutanen duniya na ƙasa kuma suna raba kashi 8.5. A dukiya abin ya fi muni, domin na saman suna riƙe da kashi 76, rabin na ƙasa kuma kashi 2 kacal. Shafin kuɗin shiga yake aunawa, ba ya auna gadon da aka bar wa mutum, ko bashin da ke kansa, ko hannun jarin da ke haihuwa yana barci. A matakan nan huɗu ma, malamin makaranta a Jamus da mai jirgin sama na kansa duk a kwando ɗaya suke, tun da dukansu sun haura dala 32 a rana. Ga wanda ke kallo daga hagu ƙila bambancinsu bai dame shi ba, amma ga matashin da ke zaune a ƙasa mai arziki yana biyan rabin albashinsa kuɗin haya, wannan bambancin shi ne dukan labarin.

Ya kamata kuma mai amfani da shafin ya tuna cewa 'yan ɗaruruwan gidaje ba su isa su wakilci mutum biliyan 8 ba. Wasu ƙasashen gida biyu ko uku ne kawai aka shiga, wasu ba a shiga ko ɗaya ba, kuma na ga yadda ɗalibi ke saurin ɗaukar gida ɗaya ya yanke wa ƙasa guda hukunci da shi, wato ainihin cutar da aka yi shafin don magance ta. Sannan sharaɗin shiga titin shi ne ka kasance kana da gida. Mai kwana a ƙarƙashin gada ba shi da ƙofar da za a ɗauka, haka mutanen da yaƙi da tsanantawa suka raba da muhallinsu, waɗanda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun haura miliyan 100 tun 2022. Hotunan su ma suna tsufa, domin da yawansu an ɗauke su kimanin shekara goma da suka wuce, kafin annobar korona da tsadar da ta biyo bayanta.

Wani amfani da aka yi da hotunan, wanda ba na jin masu shafin sun hango shi, ya cancanci a ambata, domin ya shafi matasan da ke ganin fasaha ba ta da ɓangare. A 2019 wasu masu bincike a kamfanin Facebook sun ɗauki hotunan Dollar Street sun gwada su a kan manhajojin gane abubuwa na manyan kamfanonin fasaha, sai suka tarar cewa manhajojin sun fi yin kuskure a kan kayan gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Sabulun ruwa a cikin kwalba mai famfo sun gane shi, amma sabulun sanda da ke ajiye a wani gida a Nepal sai suka ɗauke shi abinci. Dalilin a fili yake, hotunan da aka horar da manhajojin da su akasari daga gidajen dama aka samo su. Da na ba da wannan labarin, masu goyon bayan intanet a zauren ne suka fi yin tsit.

Ta fuskar amfani na yau da kullum, shafin kyauta ne, ba ya neman ka yi rajista, kuma an saki hotunan a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, don haka malami ko marubuci yana iya amfani da su muddin ya ambaci inda ya samo. Ya fi daɗin kallo a kwamfuta ko a babban allo, domin armashinsa yana cikin ganin hotuna da yawa a jere lokaci ɗaya, abin da ƙaramin gilashin waya ke ragewa, kuma da yake kusan komai hoto ne, yana cin data gwargwado. A nan akwai wani abin takaici da ba laifin kowa ba ne kai tsaye. Hukumar sadarwa ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum wajen biliyan 2.6 ba sa kan intanet, kuma mafi yawansu a hagun titin suke. Ke nan mazauna dama suna leƙa ɗakin kwanan mazauna hagu duk lokacin da suka ga dama, su kuwa na hagun da wuya su taɓa ganin titin da aka sa su a kai. Iyalan sun amince aka ɗauke su, amma na kan tambayi kaina ko wanda bai taɓa riƙe kwamfuta ba ya fahimci abin da ake nufi da cewa hoton gadonsa zai zauna a gaban duniya ba ranar cirewa.

Gapminder ba ta ɓoye ra'ayinta cewa duniya tana gyaruwa fiye da yadda mutane ke zato, kuma alƙaluman da take dogara da su ba ƙarya ba ne. A 1990 fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna cikin matsanancin talauci bisa ma'aunin Bankin Duniya, kafin 2019 kuma adadin ya sauko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari bisa ma'aunin wancan lokacin, kodayake babban kaso na wannan nasarar daga Sin ya fito, inda kusan mutum miliyan 800 suka tsallake layin. Layin kansa yana motsi, daga dala 1.90 zuwa 2.15 a 2022, zuwa dala 3 a 2025, kuma da aka ɗaga shi a 2025 sai miliyoyin da aka ce sun fita suka sake bayyana a ciki. Na lura cewa matasa ba sa karɓar wannan albishir da hannu biyu, kuma ban ga laifinsu ba. Su ba da kakanninsu suke auna kansu ba, da sa'o'insu da suke gani a waya kowace safiya suke aunawa, kuma a duniyar da ke da matasa biliyan 1.2 'yan shekara 15 zuwa 24, waɗanda kusan kashi 90 cikin ɗari nasu a ƙasashe masu tasowa suke, ka ce wa mutum ya gode don ya fi kakansa ba ya kashe masa ƙishin abin da yake gani da idonsa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma intanet ta ba su hangen ba ta ba su ƙofar ba.

Duk da haka ina ba malamai da iyaye da masu jagorantar muhawara shawarar su yi amfani da shafin, da sharaɗin kada su bar shi shi kaɗai. Hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce a fara da abu ɗaya ƙarami, a rufe sunan ƙasa, a bar matasan su yi ta kuskure har su gaji, sannan a kawo musu alƙaluman dukiya da tarihin ciniki da dokokin biza su ɗora a kai. A zaman ƙarshe da muka yi, na bar kowa ya zaɓi gida ɗaya ya karanta labarinsa. Ɗalibin nan mai tambayar filaye ya zaɓi wani gida a can hagu, inda aka rubuta cewa abin da suke shirin saye nan gaba shi ne katifa. Ya duba shekarar da aka ɗauki hoton, ya ƙirga da yatsunsa, sannan ya ɗago ya tambaye ni ko akwai inda zai danna ya ga ko sun saya.